Farantin Garmahon Filibus

Litinin, 4 ga Agusta 1986, da yamma

Farantin garmahona ya fashe gida biyu. Ina nufin baƙin abin nan mai zagaye da ake ɗora faifai a kansa ya yi ta juyawa. Ranar Asabar abin ya faru, lokacin da Yaya Shekari, wan matata, ya zo daga Barnawa da motarsa muka fitar da ita Scholastica zuwa asibiti. Ɗakinmu ƙarami ne, mutane sun cika shi, wani ya bangaje tebur. Ban san ko wane ne ba. Maƙwabta sun ce ni ne.

Injin bai yi komai ba, allura lafiyarta ƙalau, bel ɗin roba na tsinto shi a ƙarƙashin gado. Har ƙaramin zoben da bel yake kewayawa a ƙasan faranti ya tsira. Saman ne kawai babu. Na zaga Makera da Kakuri, na haye gada har cikin gari, duk mai gyaran rediyon da na nuna wa sai ya ce an daina shigo da irinsa, in yi haƙuri. To ni makanike ne a kamfanin saƙa. Injin da ya fi ɗakin nan girma ina kwance shi in mayar. Faranti ba zai gagare ni ba.

Na je asibiti. Likita ya ce za ta kwanta can har lokacin haihuwa ya yi, lokacin kuwa da saura. An hana ta saukowa daga gado. Jiki da sauƙi.

Laraba, da safe kafin aiki

Na yi tunanin abin da faranti yake buƙata. Ya zama a shimfiɗe, ba tudu ba kwari. Raminsa ya zauna a tsakiya daidai. Ya yi nauyin da zai riƙe gudu ɗaya, amma kada ya fi ƙarfin inji. Abokina Sylvanus na sashen rini, wanda ya ce ya taɓa ɗaukar wa wasu makaɗa kaya a Legas, ya ce akwai sharaɗi na huɗu mai muhimmanci, ya dai manta, zai tuna.

Alhamis, bayan la'asar

Na gwada tiren shayinmu, mai zanen furanni. Na huda tsakiyarsa da ƙusa, na manna zoben a ƙasa, na ɗora faifai. Ashe a kan allurar akwai maganaɗisu, tire kuwa ƙarfe ne. Allura ta maƙale wa faifai kamar kaska. Ramin ma ya ɗan kauce, sai mawaƙin ya riƙa tafiya yana dawowa kamar wanda ya wuni a gidan burkutu.

Sylvanus yana tsaye a kaina, ya tafa hannu ya ce, "Yauwa! Na tuna! Sharaɗi na huɗu ke nan, ban da ƙarfe."

Na ce na gode.

Na je can. Jiki da sauƙi. Ta tambaya ko ina cin abinci, na ce sosai ma. Ta dubi yadda na ɗaure wando.

Asabar, da rana

Baba mai gidanmu ta ji ina ta maganar faifai, ta shiga ɗakinta ta fito mini da faifan kaba sabo fil, wanda take rufe ƙwaryar fura da shi. Ta ce in riƙe har uwar ɗaki ta dawo. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ta ce, "Ɗana, faifai ai faifai ne, karɓi." Na karɓa. Na ma ɗora shi na gani, don kada a ce ban gwada ba.

Lahadi, bayan coci

Fada ya sa sunanta a addu'a. Matan zumunta suka juyo suna yi mini irin kallon nan da suka yi mini bara, da bara waccan. Na fita kafin a tashi.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Katako. Kafintan bakin titi ya ba ni guntun filawud, na zana da'ira da ƙusa da zare, na yanka, na goge gefensa da sanfefa har yatsuna suka yi laushi. Ba ya jan allura, ba ya ƙara, ramin ya zauna daidai. Na sa faifan hailaif ɗin da Scholastica take so, wanda in ya taso take ajiye keken ɗinki ta yi rawa da almakashi a hannu. Ya yi. Wallahi ya yi. Yana ɗan rawar murya in an ja dogon baiti, don katakon ba shi da nauyi, amma mutum zai gane waƙar.

Na gaya mata. Ta ce, "Fili, da kai da garmahon nan wane ne ya auri wani?" Sai ta yi dariya, nas ta leƙo ta ce ban da dariya mai ƙarfi. Ban san akwai dariyar da likita yake hanawa ba.

Juma'a, da safe

Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kogin Kaduna ya cika har yana lasar gonakin bakin gada. Rufinmu yana ɗiga, komai a ɗakin ya yi sanyi, katakona ya sha danshi ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Hannun allura yana hawa yana sauka kamar kwalekwale, in ya kai tudu sai ya yi tsalle ya dawo baya. Mawaƙin ya maimaita kalma ɗaya har na tausaya masa na kashe.

Na hau kujera ina sa kwano a saman wadirof saboda ɗigar, hannuna ya taɓa ƙaramin akwatin. Kayan jaririn da ta ɗinka tun cikinta na farko suna ciki. Na matsar da shi gefe inda ruwa ba ya zuwa. Ban buɗe ba.

Asabar, Babbar Salla, da yamma

Maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, mai zuba tukwanen dalma a bayan kasuwa, ya kawo mini nama da kansa. Ya ce a dafa wa mai jiki hanta. Ya ga katakon a ƙofar ɗaki ya ce ko akushi nake koyon sassaƙawa. Na yi masa bayani. Ya ce in komai ya ƙi in zo wurinsa bayan Salla, shi duk abin da ke da zagaye yana iya zuba shi.

Na dafa hantar. Ta ce gishirin da na sa zai isa bikin aure. Ta cinye duk da haka. Ƙafafunta sun ƙara kumbura, amma sun ce haka yake yi. Jiki da sauƙi.

Litinin, 18 ga wata, da magariba

Sylvanus ya ce duk matsalata rashin nauyi ne. Ya ce a Legas ya ga garmahon wani Bature da farantin dutse, mutum biyu suke ɗaga shi. Muka kwaɓa siminti da yashi mai laushi, muka zuba a cikin tiren shayin nan da na riga na lalata, muka soka kara a tsakiya don rami. Ya ce in riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Ga ni ina ba faranti ruwa kamar mai renon tumatir.

Alhamis, da yamma

Ya bushe. Sumul, shimfiɗaɗɗe, ruwan sama ba abin da zai yi masa har tashin duniya. Na ɗora, na kunna. Inji ya yi nishi. Na tura da yatsa, ya fara tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Na sa faifan mawaƙan coci, matan da ke rera siririyar murya suka koma kamar shanu a mashaya. Can sai na ji ƙauri. Na fizge waya daga bango.

Sylvanus ya ce laifin injin ne, ƙarami ne, in nemo na injin niƙa. Na raka shi har bakin titi don in tabbata ya tafi.

Simintin yanzu shi ke tare ƙofa in iska ta taso.

Juma'a, da rana

Ba su bar ni na shiga ba yau. Sun ce tana hutawa.

Asabar, da safe

Na je wurin Malam Ɗanjuma. Dalma ba ta jan maganaɗisu, ba ta shan ruwa, nauyinta tsaka-tsaki. Ban san abin da ya hana ni tunaninta tun farko ba. Ya ce in kawo abin narkawa, don tsofaffin fistin ɗin mota da yake da su ba za su isa ba. Na dawo gida na duba kicin. Babbar tukunyar Scholastica, wadda take dafa shinkafar Kirsimeti, tana da murfi mai kauri. Tukunya ai ba ta cika buƙatar murfi ba, ana iya rufe ta da faifan Baba.

Na kai masa guntayen tsohon farantin ya auna. Na ce, "Malam, a shimfiɗe nake so, ba komai a kai." Ya ce, "Malam Filibus, tun kafin a haife ka nake wannan aiki."

An bar ni na shiga. An sa mata ƙarin ruwa. Ta yi magana kaɗan.

Litinin, 25 ga wata, bayan la'asar

Malam Ɗanjuma ya fasa ƙasar zubi a gabana, ya ciro abu yana sheƙi. Zagaye ne kam. Amma ya yi masa mariƙi a tsakiya, daidai inda rami zai zauna, a gefe kuma ya fitar da rubutu mai tudu: SAI HAƘURI.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "To da me za ka ɗaga shi in ya yi zafi?"

Na ce ba ya zafi, waƙa ake ɗora masa. Ya ce ko ma mene ne, shi bai taɓa sakin aiki ba mariƙi ba, mutane za su ce ya tsufa. Rubutun kuwa kyauta ce.

Talata, da yamma

Na roƙi foman ɗinmu, ya bar ni na yi amfani da injin fere ƙarfe a lokacin hutun rana. Na yanke mariƙin, na fere saman har haƙurin ya ɓace, na huda rami a tsakiya da ma'auni, ba da ƙusa ba. Na ɗora shi a kan sanda na juya, gefe ɗaya yana rinjaya, na riƙa ɗan huda ƙasan wajen har ya tsaya duk inda na tsayar da shi. Awa ɗaya cur ban yi tunanin komai ba sai dalma. Na so a ce hutun ya fi haka tsawo.

Da na je can ta ɗan farfaɗo. Na kai mata faten wake a ƙaramar tukunya. Ta dube ni ta ce, "Akwai ƙurar dalma a gashinka. A kamfaninku auduga ake saƙawa. Me ka narka?"

Na ce fistin.

Ta ce, "Da me?"

Matar gadon kusa ta juyo don ta ji da kyau. Na faɗa.

Ta rufe ido ta ce, "Murfin da Mama ta ba ni. Ka yi addu'a kada in tashi daga gadon nan, Fili."

Na ce wannan addu'ar ba zan yi ba. Matar gadon kusa ta juya ta fuskanci bango.

Laraba, da magariba

Dalma tsirara tana ƙara kamar ƙararrawar makaranta in ka ƙwanƙwasa, faifai kuma yana zamewa a kanta. Tana son shimfiɗa. Na gwada yadin kamfani, yana tattarewa. Na gwada kwali, ruwa ya riga ya gaya mini ra'ayinsa a kan irin waɗannan. Roba ake so.

Ina cikin haka Yaya Shekari ya shigo da kayan ofis a jikinsa. Ya dubi tire, ya dubi katako, ya yi tuntuɓe da siminti. Ya ce, "Filibus, ƙanwata tana kwance a wancan hali, kai kana nan kana wasa da faranti?"

Na ci gaba da juya kwalin a hannuna. Ya zauna a bakin gado ya daɗe. Can ya ce shi ma jiya sau uku ya wanke motarsa, har matarsa ta ɓoye bokiti. Ya tambayi abin da ya rage. Na ce roba. Ya fita ya buɗe but, ya kawo mini tsohon tif na taya, ya riƙe mini gefe ina yankawa da almakashinta. Na roƙe shi kada ya gaya mata da wane almakashi.

Alhamis, da yamma

Sun ce a tanadi jini, ko da za a buƙata ranar Litinin in za a yi mata aikin ciro ɗan. Nawa bai dace ba. An ɗebi na Yaya Shekari, suka ce a ƙaro. Na koma unguwa na dawo da Sylvanus da Malam Ɗanjuma.

Sylvanus tun a bas yake ba da labarin yadda ya taɓa ba da jini kwalba huɗu a Legas ya kuma buga ƙwallo da yamma. Da nas ta fito da allura sai ya ce ɗakin yana juyawa, ya sulale ƙasa. Aka kwantar da shi a benci ana yi masa fifita da katin wani mara lafiya.

Na Malam Ɗanjuma ya dace. Ya miƙa hannu yana taunar goro, ya ce, "In ta tashi ta fara neman goro da asuba, kada ka yi mamaki." Da muka fito na fara yi masa godiya. Ya ce in bar shi, in dai gaya masa gaskiya, na cire mariƙin nan ko? Na ce na cire. Ya girgiza kai har muka iso Makera.

Juma'a, da safe

Ta ce in kawo ƙaramin akwatin. Na kai. Ban buɗe ba.

Faranti ya haɗu, roba ta zauna. Ban kunna ba.

Asabar, 30 ga wata, da yamma

Ba su jira Litinin ba.

Yau Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar gari, ba mota ba babur, ba mai fita sai an busa jiniya. Ina kwashe kwata a ƙofar gida sai ga wata nas 'yar cocinmu ta dawo daga aikin dare da farin kayanta. Ta ce, "Filibus, ajiye wannan ka tafi yanzu. An shiga da ita."

Ban ajiye ba, Allah ya taimake ni. Na kama hanya da gudu da tsintsiya a hannu. Duk inda na hango jami'an tsafta da sojansu sai in duƙa in hau shara, in sun wuce in ci gaba da gudu. Na share gaban wani banki. Na share gaban gidan mai. A kan gada wani soja ya tsare ni ya ce ina gidana, na ce Makera. Ya ce me ya kawo ni nan, na ce na ga gadar da datti ne. Ya ce da kowa irina ne da ƙasar nan ta gyaru, ya nuna mini wani wajen da na tsallake. Na share masa shi.

Na isa jiƙe da gumi. Aka nuna mini benci. Na zauna da tsintsiyata, wata ma'aikaciya ta ce in na gama hutawa akwai baranda ta baya.

Sun daɗe. Ban san iya daɗewar ba.

Mace ce. An sa ta a kwalba. Ba ta yi kuka sosai ba, wani ɗan sauti kawai kamar ɗan kyanwa. Uwar ba ta farka ba tukuna. Sun yi amfani da jinin duka.

Lahadi, da rana

Ba ta farka sosai ba. Ban je coci ba.

Litinin, da safe

Ta buɗe ido. Ta ce, "Tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "Ka rantse." Na rantse. Ta ce, "Ka yi wanka, kana wari." Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka bangaje tebur, wani tsoho mai jinya ya ba ni hankicinsa.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Yau aka fito da ita daga kwalba aka ɗora mini a hannu. Na saba auna abu da hannu a makonnin nan, bakina ya riga hankalina, na ce, "Ba ta kai nauyin farantin ba." Nas ta ce wane faranti. Scholastica ta ce, "Sista, karɓe ta, ki fitar mini da mutumin nan." Ba a karɓe ba. Na riƙe ta har hannuna ya mutu, ban gaya wa kowa ba.

Mun sa mata Godiya.

Asabar, 20 ga wata, da yamma

Sun dawo gida da rana a motar Yaya Shekari, yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, masu bas suna ta zaginsa. Baba mai gida ta yi guɗa. Malam Ɗanjuma ya zo da goro ya miƙa wa mai jego don ya gwada, ta ce ba ta ci, ya ce a ba jinin lokaci. Sylvanus ya gaya wa duk wanda ya shigo cewa har da shi aka je ba da jini.

Da mutane suka ragu, yarinya ta yi barci, Scholastica ta jingina da filo ta ce, "To, kunna mu ji abin da murfina ya zama."

Na ɗora faifan nan nata. Faranti ya ɗauki gudu shiru, ba tangaɗi, ba nishi. Allura ta sauka. Ƙaho ya shigo daidai, ganga daidai, mawaƙin ya ja dogon baitinsa har ƙarshe muryarsa ba ta girgiza ba. Ta rufe ido tana kaɗa yatsan ƙafa a cikin zane. Ta saurara har tsakiyar waƙa, sannan ta ce a hankali, "Ya yi. Ɗan rage murya, Baban Godiya."

Ba wanda ya taɓa kirana haka. Na miƙa hannu na murɗa abin, ashe ta wancan gefen na murɗa. Ƙaho ya tashi kamar za a tsaga rufi, kajin Baba suka watse a tsakar gida, yarinya ta farka ta tsala ihu.

An koro mu waje, ni da garmaho. A baranda nake rubuta wannan, littafin a kan gwiwa. Har yanzu tana yi, ana jin ta har bakin titi, mai shago ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ban san akwai irin wannan murya a ɗan jikin nan ba. Uwar tana ta lallashi tana kiran sunana da abin da ba zan rubuta ba. Ni dai ba na so ta yi shiru tukuna.